Ba Mage Ce Ke Tsinka Miki Zare Ba

[Hoto: mazari yana juyi a kan sakaina, mage ta kafa masa ido]

Assalamu alaikum. Ku dubi magen nan. Tun da na shimfiɗa tabarma ba ta ƙifta ido ba, kuma in kun lura wutsiyarta ta fara kaɗawa. Yau ita aka kawo ƙara.

Tun da sha'awar kaɗi ta dawo wa matan gari, duk inda na shiga, gidan biki ko Islamiyya, maganar ɗaya ce. "Anti, na sayi mazari, na sami auduga, amma zaren tsinkewa yake. Mage ta hana ni. Yara sun hana ni." Wata ma cewa ta yi ta haƙura sai ta yaye. To 'yar'uwa, an bar jaki ana dukan taiki. Iyayenmu a cikin birnin nan na Zariya, daga Kwarbai har Ƙofar Gayan, sun yi kaɗi da goyo a baya, awaki na zagaya su, kaji na tsattsaga a gefen tabarma, kuma zarensu ne ya cika kasuwa. Akwai wuri ɗaya da hannunki ke kuskurewa, shi za mu zauna a kai. Sauran za mu bi da gudu.

[Hoto: gurza]

Ga auduga da 'ya'yanta. A ɗora a kan magurji, a murza da ƙarfe, angurya ta fita gefe. Wannan ita ce gurza. Kwashe anguryar nan take, zan gaya miki dalili a gaba.

[Hoto: bakan shiɓa yana tsalle a cikin auduga]

Shiɓa ke nan. Tsirkiyar bakan tana buɗe audugar har ta tashi kamar kumfa. Sai ki naɗe ta sako-sako, ki sami sutu. Kada ki matse shi. Ga mazari, ga gululunsa na yumɓu da ke ba shi nauyin juyi, ga alli na shafawa a yatsu don kada gumi ya sa tsinken ya riƙa zamewa. Ga kuma sakaina, a cikinta gindin mazarin zai zauna.

Ki riƙe wannan maganar ta ƙarshe, a cikinta zai zauna. Da yawanku a waya kuka koyi kaɗi, kun ga Baturiya a tsaye ta saki mazari yana lilo a iska, zare na ɗauke da shi. Gashin tunkiya take kaɗawa, irin tumakin ƙasashen sanyi, wanda silinsa ɗaya kan kai tsawon yatsa ko fiye. Namu tumakin, 'Yankasa da Uda da Balami, ba su da irin wannan gashin. Mu auduga muke kaɗawa, ita kuwa silinta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kamar gaɓar yatsa ɗaya. Zaren da bai gama ƙulluwa ba ba zai ɗauki nauyin gululu ba. Shi ya sa tsofaffinmu ke kaɗi a zaune, ƙasa na ɗauke da nauyin mazari, zaren kuwa ba abin da yake ɗauka sai murɗi.

[Hoto: kusa-kusa, yatsun hagu da bakin sutu]

Yanzu mun iso. Ku matso da ido.

Me ya riƙe zare? Ba gam a ciki, ba ƙulli. Silin auduga dubbai ne gajeru, kowanne ya ɗan hau kan na gabansa, murɗi ya matse su suka riƙe juna. In murɗi ya yi kaɗan sai su zame, su rabu. In ya yi yawa tun kafin ki ja, sai ya kulle su, ki ja su ƙi zuwa. Duk kaɗi a tsakanin waɗannan biyun yake.

Ku kalli nan, tsakanin yatsuna da inda zaren ya fara. Kun ga wannan ɗan wurin mai faɗi ta sama, mai tsini ta ƙasa, kamar bakin mazurari? A nan auduga ke zama zare. Hannun dama ya murza mazari, murɗi ya taso yana hawa zaren, yana neman shiga sutu. Hannun hagu kuma yana ja da baya, yana gudun murɗin, amma ba ya tsere masa. Tamkar kina tafe da yaro mai koyon tafiya ne, kina gabansa da taki ɗaya. Kika yi nisa ya faɗi. Kika tsaya ya rungume ƙafarki, ba mai motsi a cikinku.

Bari mu rage gudun hoton.

[Hoto a hankali]

Murza. Ja. Murza. Ja. Ku lura yatsuna na hagu ba su damƙe sutu ba. Goggona da ta koya mini takan ce, "Ke 'yar nan, riƙe shi kamar ɗan tsako." In ta ga na matse sai ta ɗan taɓa bayan hannuna da yatsa, ba ta ƙara cewa komai.

Hannu ya miƙe, ya kai iyaka. A nan ne kusan kowa ke yin kuskuren. Kin ga zare dogo, fari, siriri, ranki ya yi daɗi, sai ki naɗe shi a mazari. Kada ki naɗe. Wannan abin da ke hannunki bai zama zare ba tukuna. Murɗin da ke cikinsa na ja ne kawai, daidai wanda zai bar silin su zame su daidaita. Ku ga abin da zai faru in na ɗan finciko shi.

[Hoto: zaren ya rabu]

Kun ji ƙara? Babu. Bai tsinke ba, salewa ya yi. Ku dubi bakinsa, buzu-buzu kamar gemun masara. Duk sanda kika ga bakin zarenki haka, murɗi ne bai isa ba, ko da mage ce ta kai masa hannu. Zaren da ya sha murɗi yakan yi 'yar ƙara in ya tsinke, bakinsa kuma a gutsure, ba gashi.

Abin da za ki yi shi ne, da hannu ya miƙe, ki matse bakin sutu da babban yatsa da manuni, ki rufe wa murɗi hanya. Sannan ki ci gaba da murza mazari, ba ja. Ni nakan ƙara murza uku ko huɗu masu ƙarfi, amma kada ki haddace lissafina, don mazarinki ba nawa ba ne. Yatsunki za su gaya miki. Za ki ji zaren ya ɗan taƙure yana janyo hannunki, ya yi tsauri kamar tsirkiya. Ki gwada: kawo hannun kusa da mazari, zaren ya yi sako. In ya naɗe kansa ya yi igiya mai kyau, ya isa. In ya yi lagwas ya rataya, ƙara. In ya dunƙule ya yi ƙulle-ƙulle kamar hanjin kaza, kin zarce, gobe ki rage.

Sai yanzu za ki naɗe.

Kuma gefe ɗaya ake murzawa daga farko har ƙarshe. In kin juya hannu, warware aikinki kike yi. Yara suna son taya murza mazari, kuma su ba ruwansu da dama ko hagu, don haka in ɗanki ya taɓa, duba kafin ki ci gaba.

Abawa, mai kauri da ake zubawa a saƙa ta kwance, ba ta son murɗi da yawa, laushinta ake so. Zaren da za a yi wadari da shi, wanda zai sha ja a masaƙa, shi ke son murɗi sosai. Ni dai shawarata ki fara da abawa. Masu cewa a fara da siriri don hannu ya saba, ban yarda da su ba, sun sa mata da yawa sun jefa mazari bayan gado.

[Hoto: gonar auduga, hanyar Samaru]

Hotunan hannu sun ƙare mana na ɗan lokaci, to ku sha iska da wannan. Audugar ƙasar Zazzau ta daɗe tana tsone wa mutane ido. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, jirgin ƙasa ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911, aka kafa injin gurza a garin nan, duk don a kwashi auduga a kai musu. Amma shekara da shekaru suna kukan ba sa samun yadda suke so, saboda masu kaɗi da masaƙan gida sukan saye ta da farashin da ya fi nasu. Wato matan da ke zaune a tsakar gida da mazari sun ja da manyan injuna. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka fara a 1922, har yau ana fitar da irin auduga a can, waɗanda ake kira SAMCOT. Wannan abin yana taɓa zuciyata duk sanda na ɗauki sutu.

[Hoto: tsakar gida, jariri a tabarma, akuya a bakin ƙofa]

Mu koma gida. Tunda kin gane murɗi, kin gane yadda ake tsayawa, kuma mai yara da dabbobi aikinta ke nan, tsayawa da ci gaba. Yaro ya yi kuka kina tsakiyar ja. Abin da jiki zai ba ki shi ne ki watsar da komai ki tashi. In kin yi haka, murɗin da ke cikin zaren zai gudu ya shige sutu ya dunƙule shi, ɗanyen zaren kuma ya sale. Matse bakin sutu tukuna. Murza biyu. Naɗe. Soke mazarin a cikin taskira, sutu a kansa. Numfashi uku ne, na ƙirga. Sai dai in wuta ce ko rijiya yaron ya nufa, wannan kam jefar da mazarin, auduga ba ta ƙare a duniya ba.

In kuwa ya rabu, ba asara. Buɗe bakin zaren ya yi gashi, kwantar da shi a kan bakin sutu kamar tsawon yatsa, murza a hankali har murɗi ya kama su tare, sannan ki ja. Ba a ƙullawa.

Yanzu maganar da ba wasa a cikinta. Mage ba ta cutar da zarenki kamar yadda zarenki zai cutar da ita. Harshenta yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, in zare ya shiga bakinta ba ta iya tofarwa, sai dai ta yi ta haɗiya. Zare mai tsawo a cikin hanji yakan tattare hanjin, har ya yanka shi. In kin ga zare na leƙowa daga bakinta ko ta bayanta, kada ki ja. Ki kai ta wurin likitan dabbobi, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru. Alamun ta haɗiyi zare su ne amai, ƙin cin abinci, da lafewa wuri ɗaya.

Jariri kuma, ki riƙa duba yatsun ƙafarsa da na hannu duk ranar da kika yi kaɗi. Silin zare kan naɗe ɗan yatsa ya shige cikin fata ba a gani, yatsan ya kumbura, yaro ya yi ta tsala kuka an rasa dalili. Cire masa safa ki duba.

Angurya da na ce ki kwashe: daidai ƙofar hancin yaro take, daidai kunnensa. Sannan tana da wani sinadari mai guba da ake kira gosifol. Manyan shanu da awaki cikinsu na iya sarrafa daidai gwargwado, shi ya sa ake ba su, amma kaji da 'yan awaki masu shan nono ba sa jurewa. Kada ki watsa musu.

Ga hunturu, lokacin da sabuwar auduga ke shigowa kasuwa, lokacin kuma da kaskon wuta ke shiga ɗaki. Audugar da aka shiɓe iska ce rabinta, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Nesa da gawayi, nesa da risho, nesa da maganin sauro na kunnawa. Wani abin kuma, in iska ta bushe ƙarau auduga takan yi gardama, tana tashi tana manne wa zane. Da sassafe ko bayan la'asar, in an yayyafa wa tsakar gida ruwa, za ki ji ta fi biyayya.

Shi mazari bakinsa tsini ne, ba a barinsa a tsaye a tabarma inda mai rarrafe zai faɗo. Ni kwalla mai murfi na ware, komai a ciki, mazari da alli da sutu, in ɗora a saman kabad. Taskira kyau gare ta, amma akuya ta san yadda ake buɗe ta.

[Hoto: yarinya 'yar shekara biyar tana cire angurya da yatsu]

Waɗanda suka ɗan tasa kuwa, kada ki kore su. Ba ta auduga kaɗan da kwano ta riƙa cire 'ya'yan, kina kallonta. Mu ma ta nan aka fara da mu. Magen kuma a ba ta abinci kafin a zauna, a jefa mata ƙwallon tsumma wanda aka ɗinke bakinsa, ba mai zare a waje ba.

[Sauti: kukan jariri daga ɗaki]

To, kun ji. Ba mu shirya wannan ba. Mai ɗaukar hoto, matso kan hannuna su gani. Matse. Murza, murza. Naɗe. Cikin kwalla, murfi a kai.

Ina zuwa, Baba na, ga ni nan.