Inna, akwatin asusu da igiyar awon hannu

Jawabin babban ɗanta a taron matan asusu na unguwar Bagalam, Maraɗi, bayan sadakar arba'in

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena mata, ƙawayen Inna da kuka taso tun daga Tibiri da Madarumfa, Allah ya saka da alheri, ya ba da ladan zumunci.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "wannan yaron", ko da furfura ta fito mini. Amma sunayen 'ya'yan unguwar nan duk tana riƙe da su, da watan da aka haifi kowanne, da wanda aka yaye da wuri don uwarsa ta samu ciki. A kan wannan sanin nake son in tsaya, domin da shi ta yi aikin da ya tara mu yau.

Ta fara ne da asusu. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako, su ranta wa junansu, su raba idan zagaye ya cika. Da abin ya iso unguwarmu, Inna na cikin mata uku masu riƙon mabuɗin akwati, tunda kwaɗo uku gare shi, kuma ba ya buɗuwa sai ukun sun haɗu a gaban jama'a. Dala ashirin take zubawa daga ribar ƙuliƙuli. Ba ta iya boko ba, amma ba a taɓa kama ta da kuskuren lissafi ba, kuma idan mace ta kasa biyan rance ba ta tona ta a taro, sai ta bi ta gida bayan magariba ta ji dalili.

Sai shekarar 2005. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fāra, kuɗin tiyar hatsi ya haura, tamowa ta kama yara a wannan jiha da ake kira rumbun ƙasa. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta kula da dubban yara a Maraɗi, amma likita ba ya warkar da yaron da ba a kawo masa ba. Uwa da yawa kan ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki don kada a ce mijinta ya gaza ciyar da gida, wata kuma ta ce maita ce ko iska. Namiji iyakarsa zaure. Inna kuwa sallama ɗaya take yi ta wuce har gindin murhu.

Daga nan aka koya mata awo da igiyar nan mai kore da rawaya da ja, wadda ake ɗaura wa yaro a damtse daga wata 6 zuwa shekara 5. A ƙa'idar yau, ja na nufin kaurin damtse bai kai santimita 11.5 ba, alamar tamowa mai tsanani. Na sha ganin yadda take yi. Ba ta fito da igiyar da farko. Sai ta zauna kan tabarma, ta karɓi fura ta kurɓa, ta ɗora yaron a cinya tana yi masa wasa, ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ta ga ko wurin zai lotsa, alamar kumburin tamowa. In ya lotsa, sai ta ce, "'Yata, ɗauko zanen goyo, gobe da asuba tare za mu je." Ba ta aiken uwa likita ita kaɗai.

Dole in faɗi laifina a gabanku. Mu 'ya'yanta mun yi ta ƙorafi, muna cewa aikin da ba albashi ya raba ta da gida, har na taɓa ɗaga mata murya ranar da ta kwashe garin kunun gidanmu ta kai maƙwabta. Ba ta tanka ba. Washegari ta ba ni kwanon, ta ce in kai da kaina in dubi yaron.

Da muka buɗe akwatin kayanta bayan addu'ar uku, mun tarar da igiyar naɗe cikin ɗankwali, launinta ya koɗe, tare da mabuɗin asusu. Ga mabuɗin, Hajiya shugaba, mun maido muku abinku. Igiyar kuma ƙanwata ta roƙa a bar mata, ta ce ranar Asabar za ta fara zagaye daga layin masallaci. Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta. Malam, bismillah, a yi mana addu'a.