Kwabo Ɗaya, Dala Miliyan 18: Me Masu Tara Tsofaffin Sulalla Ke Gani?

Jama'a, assalamu alaikum. Bari mu dubi wani kwabon zinariya na Amurka da kyau. A fuska ɗaya mace ce tana tafe, tocila a hannun dama, reshen zaitun a hagu, hasken rana na fitowa ta bayanta. A ɗaya fuskar gaggafa ce ta buɗe fukafukai. Kuɗin da aka rubuta a jikinsa dala ashirin ne kacal. Nauyinsa giram 33 da 'yan kai, kuma da za a kai shi wa maƙeri ya narka, zinariyar ba za ta kai dala 2,000 ba a farashin shekarar 2021. Amma a watan Yunin 2021 ɗin, a ɗakin gwanjon Sotheby's da ke New York, an sayar da shi a kan dala miliyan 18 da dubu 872. To, me mai sayen ya saya?

Sunansa Double Eagle na 1933, kuma tarihinsa ya fi zinariyarsa nauyi. A waccan shekara gidan buga kuɗi na Philadelphia ya buga guda 445,500. Ana cikin haka tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutane suka yi ta kwashe zinariyarsu daga bankuna. Sai Shugaba Franklin Roosevelt ya ba da umarni a watan Afrilun 1933 cewa a daina ɓoye zinariya, kowa ya miƙa tasa ga gwamnati. Sababbin sulallan nan ba a taɓa sakinsu kasuwa ba. Aka ware biyu aka kai gidan tarihi na Smithsonian, sauran aka ce a narke su.

An narke su kuwa, amma ba duka ba. Wasu ƙalilan sun sulale ta bayan gida, suka faɗa hannun wani dillalin gwala-gwalai a Philadelphia, daga nan suka bazu wurin masu tarawa. A 1944 Sarki Faruk na Masar, wanda ya tara dubban sulallan zinariya, ya sayi ɗaya. Abin da ya bambanta nasa da na kowa shi ne ya bi ƙa'ida: wakilansa suka nemi takardar izinin fita da shi daga Amurka, ma'aikatar kuɗi ta sa hannu ta ba su. Bayan 'yan kwanaki sai jami'an tsaro suka gano cewa ai kayan sata ne. Suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya suna ƙwacewa, amma na Faruk ya riga ya tsallaka teku.

A 1952 sojoji suka tumɓuke Faruk. A 1954 aka sa kayansa gwanjo a Alƙahira, Amurka ta nemi a cire kwabon daga jerin, aka cire, sai ya yi ɓatan dabo. Shekara arba'in da ɗoriya babu labarinsa. Sai a 1996 wani dillalin Ingila, Stephen Fenton, ya kawo wani Double Eagle na 1933 otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York don ya sayar, ashe tarko ne jami'an tsaro suka ɗana masa. Aka yi shekaru ana shari'a, kwabon yana ajiye a wata ma'ajiya a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. A watan Yulin 2001 aka ɗauke shi zuwa Fort Knox, ma'ajiyar zinariyar gwamnatin Amurka, wata biyu kafin harin 11 ga Satumba ya rusa ginin. Ana kyautata zaton shi ne na Faruk. Aka sasanta a kan a sayar a raba kuɗin tsakanin dillalin da gwamnati. A 2002 ya tashi a kan dala miliyan 7 da dubu 590, har da wata dala ashirin da mai sayen ya biya baitulmali daban, domin a mayar da shi halattaccen kuɗi. A duk duniya shi kaɗai ne na 1933 da doka ta yarda wani mutum ya mallaka. Wannan kaɗaicin shi aka saya.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauka tsufa ne ke kawo daraja. Ga misali da ya shafe mu. Liyari, azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, ya yi yawo a hannun fatake daga Larabawa da Habasha har Borno da ƙasar Hausa, mata suka yi ado da shi. Duba kowane ɗaya, za ka ga 1780 a jikinsa. Shekarar da sarauniyar ta rasu ke nan, kuma tun daga lokacin ake ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a canzawa, saboda 'yan kasuwa ba su yarda da wani iri ba. An buga miliyoyi ɗari-ɗari. Wanda ke hannunka mai yiwuwa bai kai shekara ɗari ba, kuma galibi kuɗinsa bai wuce na azurfar da ke jikinsa da wani abin kirki ba.

Yanzu mu zo kan wanda ni ya fi taɓa mini zuciya. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik bn Marwan ya yi abin da ya canza kuɗin Musulmi har tsawon ƙarnoni. Kafin nan dinarin da ke yawo na Rumawa ne, ko kwaikwayonsa, da hotunan sarakuna. Shi ya share hoto gaba ɗaya, ya bar rubutu zalla: kalmar tauhidi a fuska ɗaya, ayoyi daga Suratul Ikhlas a ɗayar, shekarar bugu a kewaye. Ɗan ƙarami ne, giram huɗu da kwata. Dinarin Umayyawa na yau da kullum ba wuyar samu gare shi ba, ana iya mallakarsa da 'yan ɗaruruwan fam. Amma a cikin waɗanda aka buga a shekara ta 105 bayan Hijira, wato 723 Miladiyya, akwai wasu da aka ƙara wa 'yan kalmomi: "Ma'adinu Amiril Muminina bil Hijaz." Ana nufin zinariyar ta fito ne daga mahaƙar halifa a ƙasar Hijaz, wadda masana ke dangantawa da mahaƙar Banu Sulaim, a yankin da ke tsakanin Makka da Madina. Waɗanda aka sani irinsa ƙalilan ne ƙwarai. A 2011 kamfanin gwanjo na Morton & Eden da ke Landan ya sayar da ɗaya a kan fam miliyan 3 da dubu 700.

Ka riƙe wannan dinari da wancan na yau da kullum, nauyi ɗaya, zinariya ɗaya, salon rubutun Kufi ɗaya. Bambancin layin rubutu ne da sai ka kusanto da ido za ka karanta. Amma layin nan ya faɗa maka daga wace ƙasa aka tono zinariyar, a wace shekara, ƙarƙashin ikon wa. Mai tarawa na gaskiya wannan yake bi. Ba na ganin laifin wanda ya kashe dukiyarsa a kan irin wannan, matuƙar ya adana shi ya bari masu bincike su gani, domin kwabo shaida ce da ba a sake kwafa ba. Littafi yana bi ta hannun marubuta da dama kafin ya iso gare mu, shi kuwa kwabo yadda ya fito daga maƙera haka ya zo.

Sai maganar lafiyar kwabo, wadda ita ma tana juya farashi ƙwarai. Akwai ma'auni daga 1 zuwa 70 da kamfanonin tantance sulalla irin su PCGS da NGC ke amfani da shi. Suna sa madubin ƙara girma su duba gashin kan hoton, da bakin kwabon, da kowane ɗan ƙarzane, sannan su rufe shi cikin roba mai tauri da lambarsa. Sulalla biyu na shekara ɗaya, wannan ya sha hannu ya shafe, wancan bai taɓa shiga aljihu ba, ratar kuɗinsu tana iya ninkawa sau ɗari.

Mu dawo gida. Wanda ya girma kusa da kakanni ya san anini, da ɗari, da kwabo mai huji, da taro, da sisi, da sule, da fataka, kuɗin da aka yi ta ciniki da su kafin naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973. Aninin farko an buga shi a 1907, da sanholo, kuma yana cikin kuɗaɗen sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Aninai goma ke yin kwabo ɗaya. An yi shi ne domin ƙananan sayayya da a da ake yi da wuri, an huda tsakiyarsa yadda za a iya zarga shi a zare, aka sa masa tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci a gaba saboda masu karatun allo su gane darajarsa. Sanholon bai jure gumi da damina ba, ya riƙa cinyewa, shi ya sa daga 1908 aka koma haɗin tagulla da nikel. Aninin sanholo da ya tsira da ƙyallinsa, masu tarawa a Turai suna nemansa.

Ga kuma wani abin sha'awa. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya sauka a Disambar shekarar don ya auri matar da yake so. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba, sai 'yan samfura, kuma ɗaya daga cikinsu, na zinariya, an sayar da shi fam miliyan ɗaya a 2020. Amma a Afirka ta Yamma an saki anini da ɗari da kwabo masu ɗauke da sunansa, saboda kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoto, suna kawai ake rubutawa. An buga su da yawa, don haka ba su da tsada. Duk da haka, mai tara kuɗin sarakunan Ingila da ke son cike gurbin Edward na Takwas, sau da yawa kwabon da aka sayi ƙosai da shi a Kano ko Kumasi yake nema.

Idan ka ci karo da irin waɗannan a tsohuwar adaka ko ƙasan kwalla, don Allah kada ka goge su. Kada ka sa toka, ko lemun tsami, ko soson ƙarfe. Duhun da shekaru suka bari a jikin kwabo masu tarawa suna ƙaunarsa, goge shi kuwa yana barin ƙarzane da ba ya gyaruwa, nan take darajar ta faɗi. Ka kama shi ta gefe, ka karanta shekarar, ka nemi ɗan ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga shi: H na nufin masana'antar Heaton da ke Birmingham, KN kuma King's Norton. Ka nannaɗe kowane ɗaya daban a takarda, ka ajiye inda babu laima, kuma kafin ka sayar wa duk wanda ya zo da zaƙin baki, ka duba farashin da aka sayar da irinsa a gwanjo.