Ƙuda haram, zumarsa halas: tsohuwar muhawarar malaman Yahudawa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu leƙa teburin Yahudawa ne, inda wata tambaya ta haura shekara 1,500 ana juya ta.

Duk shekara, cikin Satumba ko farkon Oktoba, idan sabuwar shekararsu ta kama, wadda suke kira Rosh Hashana, iyali kan zauna a yanka tuffa, kowa ya ɗauki yanki ya tsoma a zuma, a roƙi Allah ya sa shekarar ta yi zaƙi. Har wanda ya fi kowa tsantseni a cikinsu yana lasa ba ɗar. Alhali ƙudan da ya yi zumar, shi haram ne a shari'arsu. Littafin Firistoci, na uku a Attaura, a sura ta 11, ya hana cin ƙwari masu fiffike, bai ware komai ba sai fara iri huɗu. Yahudawan Yaman ma sun riƙe cin fara har zamanin nan, saboda haka mai suyar fara a Maraɗi ko Maiduguri ba shi kaɗai ya san daɗinta ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin Mishna, kundin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200, akwai ƙa'ida gajeriya: abin da ya fito daga haramtacciyar dabba haram ne. Da ita aka haramta musu nonon raƙumi, wanda mutanen Agadas ke sha safe da yamma. To in nonon raƙumi ya faɗi, me ya tsayar da zuma?

Malaman Talmud, wato babban littafin sharhin Mishna da aka tattara a ƙasar da yau ake kira Iraƙi, sun ba da amsa biyu a babin Bekorot. Ta farko ta ce ƙudan zuma ɗan dako ne kawai: yana tsotso ruwan fure, ya shigar cikinsa, ya amayar a amya, ba daga jikinsa ake tatso zumar ba. Ta biyu, wadda aka jingina wa wani malami mai suna Yakubu, ba ruwanta da cikin ƙuda. Cewa ya yi lafazin ayar ne ya nuna ƙwaron aka hana, aka bar abin da yake fitarwa. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya yi likitanci a fadar Masar zamanin Salahuddin, ya rasu a 1204, amsar farko ya ɗauka. A kanta ne ya halatta har zumar rina. Littafin Shulhan Aruk, kundin fiƙihunsu da aka buga a birnin Benis na Italiya a 1565, shi ma ya halatta zumar ƙuda, ya kawo saɓani kan ta rina.

Sai masana kimiyya suka zo suka feɗe ƙudan. Suka tarar lallai yana da wata 'yar jaka kafin ainihin tumbinsa, a nan yake ajiye ruwan fure, kuma akwai ƙofa a tsakani da ke tare shi. Wannan ya gaskata tsofaffin malaman. Amma sun kuma tarar ɗan dakon nan yana taɓa kayan. Daga wasu ƙananan mafitar ruwa a kansa yake zuba sinadarai: ɗaya ya raba sukarin fure gida biyu, wani ya haifar da ɗan tsamin da ke taimakawa wajen hana zuma lalacewa. Idan ya isa amya sai ya miƙa wa 'yan'uwansa baki da baki, a zuba a saƙa, a yi ta fifita da fiffike har ruwan da ya kai kashi 70 cikin 100 ko fiye ya sauko ƙasa da kashi 20, sannan a liƙe da kaki.

Shi ke nan, in ji masu suka, hujja ta rushe. Ni dai ina ganin sun yi gaggawa. Sukarin da ke cikin zuma na fure ne, abin da ƙuda ya ƙara ɗan mitsitsi ne. Nonon raƙumi kuwa jikin taguwa ne ya ƙera shi tun daga farko har ƙarshe. Wannan bambancin shi malaman ke nufi, kuma ya tsaya. Ko da bai tsaya ba, amsa ta biyu na nan, wadda madubin likita ba shi da ta cewa a kanta. Mai sauraro Musulmi zai tuna ayar Suratun Nahli da ta ce abin sha mai launi daban-daban yana fita daga cikkunan ƙudan zuma, a cikinsa akwai waraka ga mutane. A fiƙihun Musulunci maganar ta mutu a nan, nassi ya yanke.

Ba ko da yaushe Yahudawa ke samun irin wannan mafita ba. Talmud ya halatta kashe ƙwarƙwata ranar Asabar, ranar da aka hana su kashe mai rai, bisa fahimtar cewa ba ta hayayyafa kamar sauran halittu. A ƙarni na 18, Ishaku Lamfuronti, malami kuma likita a garin Ferrara na Italiya, ya ce tunda ta tabbata tana yin ƙwai, gara a daina. Malaminsa ya ƙi, ya ce ba a sauya hukuncin magabata don maganar masu bincike. Wasu daga baya suka ce hukuncin gado ne, dalilin da aka ambata ɗaya ne kawai daga dalilansa. Har yau ba a rufe wannan babi ba.

Inda kimiyya ta hau kujerar alƙali sosai shi ne kan madarar sarauniya, farin abu mai ɗan tsami da ma'aikatan amya ke ciyar da tsutsotsinsu a kwanakin farko, sarauniya kuma ta rayu a kansa. Yanzu ana sayar da shi a kwalabe a matsayin maganin ƙarin kuzari, har akan gauraya shi da zuma. Bincike ya nuna wannan kam daga kan ƙudan yake fitowa, babu fure a ciki. Wanda ya bi Musa bin Maimun dole ya haramta shi, domin hujjar dako ba ta aiki a nan. Wanda ya bi malam Yakubu yana da ƙofar cewa ayar ta haɗa har da shi, kodayake da yawa sun ce zuma kaɗai ta nufa. Wasu malamai sun yi sassauci ga marar lafiya. Manyan hukumomin da ke buga tambarin halas na Yahudawa, wato kosha, galibi ba sa sa hannu a kansa, shi ya sa Bayahude mai kiyayewa yakan juya kwalbar zuma a kanti ya karanta bayanta kafin ya jefa a kwando.