Amsoshin Tambayoyinku: Kirsimetin Mutanen Karkara a Gidan Tarihi na Skansen

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙunku sun taru a kan gidan tarihi na Skansen da muka ambata a shirin makon jiya, ga shi kuma lokacin da aka ba mu kaɗan ne.

Wani mai sauraro daga Maraɗi yana tambayar inda wurin yake. Yana tsibirin Djurgården a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, kuma wani masani ɗan ƙasar mai suna Artur Hazelius ne ya kafa shi a shekarar 1891. Malam, da ka rage hirar teburin mai shayi ka kasa kunne a wancan makon, da ka huta da rubutu.

Tambayar da ta fi yawa ta zo ne daga Jos da Kafanchan da Kumasi, inda ake son sanin abin da ake nunawa a lokacin Kirsimeti. Da farko dai, ba kayan da aka kulle a cikin gilashi ake zuwa kallo ba. Tsofaffin gine-gine wajen 150 ne, yawancinsu an kwance su daga sassan ƙasar aka sake kafa su a can, kuma ma'aikata suna sanye da tufafin mutanen da, suna aikin hannu a gaban baƙi. Tun 1903 ake cin kasuwar Kirsimeti a wurin. Abin da ya fi burge ni shi ne yin kyandir: ana narka kitsen dabba a tukunya, a tsoma lagwani, a ɗaga shi har ya sandare, a sake tsomawa, a yi ta maimaitawa har ya yi kauri. Bari in nanata, da kitse ake yi, kuma ba don ado kawai ba, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa a Stockholm kafin ƙarfe uku na yamma, saboda haka gidan da bai tanadi kyandir ba a cikin duhu zai yi biki. Ana kuma saƙa bunsuru da busasshen karan hatsi a ɗaure shi da jan ƙyalle, sannan a kafa damin hatsi a waje domin tsuntsaye.

Mun tambayi wani malamin tarihi asalin wannan bunsuru, sai ya kwashe mu zuwa tatsuniyoyin Thor, abin bautar mutanen da, wanda awaki ke jan kekensa, kafin daga bisani ya ce a ƙarni na 19 wani ne kan yi shigar bunsuru ya raba wa yara kyauta.

Wata baiwar Allah daga Yola tana tambaya ko gaskiya ne ana ɓoye ƙwayar almon guda, wato wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, a cikin kunun shinkafar bikin. Gaskiya ne, kuma ana cewa wanda ya tsince ta zai yi aure cikin shekara. Hajiya, ba mu san wa kike yi wa tambayar ba. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.