Hutun sata da masu aiki daga gida

(Wani yanki na laccar da aka yi wa matasa masu aikin intanet a Gusau, mun kwafo daga rekodin.)

Assalamu alaikum. Ƙannena maza da mata, tun 2020 da korona ta kulle mutane aiki ya koma gida, oga na Legas ko ma Ingila, kai kuma kana nan Tudun Wada da laptop ɗinka da data. To a 2024 sai jaridun Amurka suka yi ta yayata wata ɗabi'a, wai ma'aikaci ya yi tafiyarsa bai gaya wa kowa ba, ya bar kwamfuta a kunne, yana amsa saƙo jefi-jefi ta waya. Ni hutun sata nake ce mishi. Har 'yar na'ura ake sayarwa mai motsa mawus don a zaci mutum na bakin aiki, kuma a shekarar ne wani babban banki can Amurka ya kori ma'aikata sama da goma kan irin wannan.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba, wannan cin amana ne. Kuɗin ranar da ba ka yi aiki ba, kai ma ka san ba su kwanta maka a rai.

Amma abin da ke min ciwo shi ne yadda 'yan jarida suka ɗauki maganar, ragwaye ne, yaran zamani ba su son wahala, shi ke nan an gama shari'a, babu mai tambayar me ya sa mutum zai saci abin da ya kamata a ce hakkinsa ne. A Amurka fa babu dokar tarayya da ta tilasta a ba ma'aikaci hutu da albashi. Ƙasashen Tarayyar Turai sati 4 ne mafi ƙaranci. Mu nan dokar ƙwadago kwana 6 ta ce bayan ka yi wata 12 kana aiki, kuma da yawanku 'yan kwantiragi ne, ko wannan ɗin ba ku gani.

Yanzu a ce an yi maka rasuwa a Talata Mafara, dole ka je jana'iza, ka zauna karɓar gaisuwa, kana tsoron neman izini don kar a ce ba ka da himma a ba wani aikin. Sai ka je da wayarka a aljihu, ana addu'a kana leƙen WhatsApp. Wallahi wannan ba hutu ba ne. Kuma wannan yaron da ake zagi, shi ne NEPA ta ɗauke mishi wuta da rana, ya sayi fetur da kuɗinsa tun da aka cire tallafi a 2023, ya tada janareta ya yi aiki har ƙarfe 2 na dare. Wa ya rubuta labarin waɗancan awannin? A Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, wasu har wata jiha suka riƙa tafiya don su tura aiki.

Faransa tun 2017 ta yi doka kan 'yancin ma'aikaci ya kashe saƙonnin ofis bayan an tashi. Mu ba mu kai nan ba, don haka kafin ka karɓi aiki ka tambaya kwana nawa ne hutu, rasuwa da rashin lafiya fa yaya ake yi, Juma'a ƙarfe nawa za a sake ka ka je masallaci, kuma ka ce a rubuto maka amsar a imel.