An bar jaki ana dukan taiki a filayen ƙwallonmu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar Lahadi 12 ga Oktoban 2025, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Kano Pillars tana gaban Shooting Stars ta Ibadan da ci ɗaya har aka shiga mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, sai baƙi suka farke, aka tashi kunnen doki. Abin da ya biyo baya kusan kowa ya gan shi a wayarsa. Wasu daga cikin 'yan kallo suka haura shinge suka kwararo cikin fili, suka bi alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan da duka da jifa. Ba a jima ba hukumar NPFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, ta yanke hukunci: tarar naira miliyan 9.5, an cire wa Pillars maki uku da ƙwallaye uku, an rufe filin, an ce ƙungiyar ta koma Katsina da wasanninta na gida.

Ku sake sauraron jerin waɗanda aka hukunta. An hukunta ƙungiya, an hukunta asusunta, an hukunta makinta, an hukunta fili. To ina mutumin da ya ɗaga hannu ya mari alƙalin wasa? Ina wanda ya ɗauki dutse ya auna kan ɗan wasa? Filin Ƙofar Mata bai taɓa jifan kowa ba, kujerunsa ba su taɓa haura shinge ba, amma shekara da shekaru shi ake garƙame wa kwaɗo, mai laifin kuwa ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida ya ci tuwo. An bar jaki ana dukan taiki, kuma wannan ne ya sa dabar filin ƙwallo ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ƙasar nan.

Mu duba wanda ke biyan wannan tara. Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar, saboda haka miliyoyin nan daga baitulmali suke fitowa, wato daga aljihun malamin makarantar da bai taɓa taka filin wasa ba. Maki ukun da aka cire gumin 'yan wasa ne. Rufe fili kuwa ya faɗa kan dattijon da ya sayi tikitinsa ya zauna lafiya ya tashi lafiya, da mai ruwan leda, da mai rake, da mai tsire, da ɗan A Daidaita Sahu da ke jiran ranar wasa don ya sami na cefane. Duk waɗannan sun yi asara. Mutum ɗaya ne bai rasa komai ba, shi ne wanda ya yi jifan. Ranar Asabar yana gidan kallo yana yi wa Arsenal ko Barcelona ihu, ranar da aka buɗe fili kuma shi ne a sahun gaba a bakin ƙofa.

Da a ce wannan salon hukunci yana aiki, da tuni mun gani. A watan Afrilun 2017 an yi rikici a Kano bayan Akwa United ta ci Pillars a gida, an kuma far wa Enyimba a Katsina. A watan Yunin 2019, a filin Agege na Legas, bayan wasan Pillars da Rangers, 'yan kallo sun afka cikin fili suna neman alƙalin wasa, aka ci tarar ƙungiya, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasanni 12. A watan Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka ci Pillars tarar naira miliyan 9, aka cire mata maki uku, aka kore ta daga gida, kuma a ƙarshen wannan kakar ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu. Akwai hukuncin da ya fi wannan zafi ga ƙungiya? Babu. Amma shekara uku da 'yan watanni bayan haka aka maimaita abin a fili guda. Kuma ku ji abin takaici: Katsinar da aka tura Pillars don a sami zaman lafiya, makonni kaɗan bayan haka, a wasan Katsina United da Barau FC, an jefi ɗan wasan Barau har ya yi jini, ita ma Katsina United aka kore ta daga gidanta. Haka za mu yi ta yawo da ƙungiyoyi daga gari zuwa gari har filayen su ƙare?

Kada wani ya ce ciwon Kano da Katsina ne kawai. A ranar 29 ga Maris 2022, a filin Moshood Abiola na Abuja, da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya ta Qatar, 'yan kallo sun cika fili suna fashe-fashe a gaban kyamarorin duniya. FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon Najeriya kuɗin Switzerland 150,000, ta kuma ce a buga wasa ɗaya babu 'yan kallo. Nan ma hukuma ce ta biya.

Na san abin da za a ce, domin ana faɗinsa a kowace majalisa: alƙalan wasa ne ke jawowa. Ba zan tsaya a nan in wanke alƙalan gasarmu ba, ita kanta hukumar takan dakatar da wasunsu saboda hukuncin da ba ya kāruwa, kuma duk mai bin wasannin gida ya ga fenaretin da ke sa mutum ya riƙe baki. Amma me direban motar Katsina United ya hura? Wane kati ɗan wasan Ibadan ya ba wani? Sannan masu wannan hujja ba sa lura cewa su ne ke haifar da abin da suke kuka da shi. Alƙalin da ya shiga fili yana duban ta inda zai tsira da ransa ba zai yi adalci ba, zai ba mai gida abin da yake so ne don ya koma wurin iyalinsa da haƙoransa cikakku. Mako mai zuwa kuma ƙungiyarka ce baƙuwa a Aba ko Jos ko Benin, wani alƙalin da ke cikin irin wannan tsoro ya yi maka abin da aka yi wa wani a gidanka, ka dawo kana cewa an zalunce ka.

Akwai wani tunani da ya yi kaka-gida a zukatan wasu magoya baya, cewa ba a cin mai gida a gidansa, ko canjaras ma cin mutunci ne. Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a ci ta wasan gasa a Kano ba, daga 2003 har Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Abin alfahari ne, ba mai musu. Sai dai tarihi irin wannan ba ya zama haƙƙi, kuma wanda ba zai iya ganin an ci ƙungiyarsa ya tafi gida ba, bai fahimci abin da ya zo kallo ba.

Sai masu cewa talauci ne da rashin aikin yi. Wannan cin fuska ne ga talaka. Dubban mutanen da suka zauna a kujerunsu ran nan, suka ji zafin farkewar nan har cikin ransu, suka yi tsaki suka kama hanyar gida, attajirai ne? Sai kuma hujjar da shugabannin ƙungiyoyi suka fi so: ba magoya bayanmu ba ne, ɓata-gari ne suka shigo. To madalla. Wa ke tsaron ƙofa? Wa ke sayar da tikiti, wa ke buɗe wa wasu su shiga kyauta don fili ya cika a ga ana yi? Idan ba naku ba ne, me zai hana ku nuna su? Takardar hukuncin hukumar gasa takan ƙunshi umarnin a gano masu laifi a gurfanar da su, amma wannan layin shi ne ake fara mantawa. A kan ji an kama wasu, daga nan labari ya mutu. Mai sauraro, tambayi kanka: mutum nawa ka taɓa jin an kira sunansa a kotu, alƙali ya ɗaure shi saboda ya doki alƙalin wasa? Ni dai ina zargin cewa ba wuyar gano su ce matsalar ba. Matsalar ita ce wasu daga cikin waɗannan samari suna da amfani ga wasu manya a ranar gangamin siyasa, kuma wanda ke buƙatarka a lokacin zaɓe ba zai bari ka kwana a ofishin 'yan sanda ba.

Wanda yake ganin duka da jifa ƙaramin abu ne, ya tambayi 'yan uwanmu na zangon Accra. Ranar 9 ga Mayun 2001, Asante Kotoko tana gaban Hearts of Oak da ci ɗaya, sai Hearts ta zuba biyu a ƙarshen wasa. Wasu magoya bayan Kotoko suka fara ɓalle kujerun roba suna jefawa cikin fili tare da kwalabe. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin taron jama'a, mutane suka ruga neman mafita, suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu a turmutsitsin, da yawansu Musulmi ne 'yan unguwanni irin su Nima. An gurfanar da jami'an 'yan sanda shida, kotu ta sallame su. A Port Said ta Masar, ranar 1 ga Fabrairun 2012, mutum sama da 70 aka kashe bayan wasan Al Masry da Al Ahly, kuma Al Masry ce ma ta ci wasan, don kada wani ya ce ɓacin ran shan kaye ne. Masar ta yi shekaru tana buga gasarta a filaye babu kowa. A Malang ta Indonesiya, a watan Oktoban 2022, shiga fili da hayaƙi mai sa hawaye sun ci rai 135. Dukkansu da jifa ko haura shinge aka fara. Dokokin FIFA na tsaron filin wasa sun hana amfani da wannan hayaƙi a kan 'yan kallo, amma a nan shi ne abu na farko da jami'anmu ke kai hannu gare shi, a filayen da ƙofofinsu ba su da yawa kuma ba su da faɗi. Allah ne kawai yake kiyayewa, ba dabararmu ba.

Ingila ta fi mu shiga wannan bala'i. A filin Heysel na birnin Brussels, ranar 29 ga Mayun 1985, magoya bayan Liverpool suka auka wa na Juventus, bango ya rushe, mutum 39 suka mutu. An hana ƙungiyoyin Ingila shiga gasannin Turai shekara biyar, Liverpool shida. Amma ba a tsaya nan ba. An bi hotuna an zaƙulo mutane ɗaya bayan ɗaya, an kai su Beljiyam, kotu ta sami 14 da laifin kisa ba da gangan ba. A 1991 aka yi dokar da ta mai da jifa a filin wasa da shiga fili ba izini laifin da ake gurfanar da mutum a kansa. Kotu tana iya hana mutum zuwa kallon ƙwallo daga shekara uku har zuwa goma, ta kuma sa ya miƙa fasfonsa ga 'yan sanda idan za a yi wasa a ƙasar waje. Ba a ce daba ta ƙare a can ba, har yanzu ana yi jefi-jefi. Amma mai niyyar jifa ya san sunansa za a kira, ba sunan filin ba. Wannan gasar ta Firimiya da samarinmu ke biyan kuɗi su kalla a gidajen kallo, suna ganin 'yan kallo zaune dab da layi babu shingen waya, ba da addu'a kaɗai ta zama haka ba.

Za a ce mu ba mu da kyamarorin tsaro irin nasu. Haba jama'a! Kowane rikici daga cikin na baya-bayan nan an ɗauke shi ta kusurwa goma, yana yawo a Facebook da TikTok kafin a yi sallar isha'i, fuskoki a buɗe, wasu ma su da kansu suke ɗorawa suna alfahari. Babu fuskar da mai unguwa ba zai gane ba, babu wadda shugabannin ƙungiyar magoya baya ba su sani ba. Ba ma buƙatar jiran sabuwar doka, domin duka da jikkata mutum da ɓarnata dukiya da tayar da tarzoma duk laifuffuka ne a kundin Penal Code da kotunan majistare ke aiki da shi kullum. Wanda ya mari mutum a kasuwar Kwari ana kai shi gaban alƙali. Me ya sa wanda ya mari mutum a Ƙofar Mata, a gaban dubban shaidu, ya zama ya fi ƙarfin doka?

Ina da fargaba ɗaya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Idan aka matsa wa 'yan sanda su kawo masu laifi, ana iya yin kamen kan mai uwa da wabi a bakin ƙofa, a kwashi yaran da ba su ji ba ba su gani ba, a bar na gaske saboda suna da uwa a gindin murhu. Wannan zai fi rashin kamun muni. Don haka hujja ita ce bidiyo, fuska da aiki, a nuna a gaban kotu, a bar wanda ake tuhuma ya kāre kansa. Wanda aka samu da laifi a bayyana sunansa, a liƙa hotonsa a ƙofofin dukkan filayen gasar, a hana shi shiga na wasu shekaru, kuma shi ya biya kuɗin gilashin motar da ya fasa da na asibitin wanda ya jikkata, ba baitulmali ba.

Ban ce a daina cin tarar ƙungiyoyi ba. Ƙungiyar da ta kasa samar da tsaro ga baƙinta ta cancanci tara. Abin da nake cewa shi ne hukumar NPFL ta ɗaure buɗe fili da sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa. Duk ranar da shugabannin wata ƙungiya suka zo neman a buɗe musu filin da aka rufe, kada a karɓi wasiƙar ban haƙuri, kada a karɓi alkawarin wayar da kan magoya baya. A tambaye su, su da kwamishinan 'yan sandan jihar: mutum nawa aka gurfanar, a wace kotu, a wace rana, kuma me alƙali ya yanke? Idan babu amsa, fili ya ci gaba da zama a rufe.