Darasin yau: idan ƙwayar magani tana tsaya wa tsoho a wuya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, musamman ku da kuke jinyar iyaye a gida, na Rigasa, Tudun Wada, Kawo, Kakuri, duk inda kuke. Yau maganar ƙwaya za mu yi, wadda Baba ko Hajiya za su ce ta tsaya musu a wuya, tun ana lallashi har wata rana a ɗaga filo a tarar da maganin hawan jini an ɓoye. Don Allah kar a ce taurin kai ne. In mutum ya manyanta yawu yana raguwa, maƙogwaro ba ya da ƙarfin da, wasu magungunan ma da kansu suna busar da baki, balle a ce lokacin hunturu ne.

To farko dai zama. Ba a ba mutum magani yana kwance, a tayar da shi a jingina masa filo ya miƙe sosai, ya fara kurɓar ruwa ya jiƙa maƙoshi, sannan ɗaya bayan ɗaya, ba a zuba masa guda biyar a tafin hannu a ce Baba afa ba.

In kafso ne, yawancinmu ɗaga kai sama muke yi, alhali shi kafso ba shi da nauyi, saman ruwa yake tasowa. Ya ɗora a harshe, ya kurɓi ruwa kar ya haɗiye tukuna, ya sunkuyo haɓarsa ta nufi ƙirji, sai ya haɗiye a haka. In kuma ƙwaya ce mai tauri, a samo gorar ruwa ta roba, ya ɗora ƙwayar a harshe, ya kama bakin gorar da leɓe gam iska ba ta shiga, ya zuƙo ruwan, za ki ga gorar ta lotsa. Jami'ar Heidelberg ta Jamus ta gwada dabarun nan biyu a 2014, ta gora ta sauƙaƙa wa kusan mutum 6 cikin 10, ta sunkuyo kuwa kusan 9 cikin 10.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, daka magani. Da an ga tsoho yana wahala sai a sa cokali biyu a murƙushe a zuba a koko, da kyakkyawar niyya wallahi, amma ba kowace ƙwaya ake yi wa haka ba. Ɗauko kwalin ki duba, in kin ga SR, XR, CR ko an rubuta retard, irin nifedipine ɗin hawan jini, an yi shi ne ya riƙa narkewa a hankali tsawon awanni, kina dakawa duk ƙarfin ya shiga jiki lokaci guda, jini ya faɗi, jiri ya kwashe Baba a banɗaki. Mai EC kuma rigar da aka yi masa ce take tsallakar da shi ciki sai ya kai hanji, haka 'yan ƙwayoyin cikin kafson omeprazole, maganin gyambon ciki, ba a taunawa ba a niƙawa. Ki tambayi likita ko mai haɗa magani na asibiti: wannan ana rabawa? akwai na ruwa? akwai ƙarami? Sau da yawa akwai, tambayar ce ba a yi.

Wanda aka ce ba laifi a daka, a sa shi a cokali ɗaya na koko mai kauri ko ayaba da aka dama, ba kofi guda ba, don in bai shanye ba rabin maganin ya tafi wajen wanke-wanke. Fura da nono kuwa a nisanta su da ciprofloxacin da tetracycline, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, madara tana hana su shiga jiki yadda ya kamata. Bayan ya sha ya ƙara ruwa, kar ya koma kwanciya nan take, doxycycline musamman, shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, in ya maƙale yana ƙona hanyar abinci.

Amma fa in Hajiya ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko ruwa ma tana ƙwarewa tana tari, ko muryarta ta koma kamar da ruwa a wuya bayan ta sha, ko tana ramewa, to a ajiye maganar gora, abu yana iya zarcewa huhu ya zama nimoniya. A kai ta asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a Kaduna, ko asibitin da take zuwa, kuma a tattara duk magungunanta da kwalayensu a leda ɗaya a tafi da su likita ya gani.